Ilmin Tattalin Arziki a Manyan Azuzuwan Sakandare: Bayani ga Iyaye da Ɗalibai

Yayin da yaro ya shiga shekaru uku na ƙarshe a makarantar sakandare, akan nemi ya zaɓi darussan da zai zauna wa jarrabawar WAEC ko ta NECO. Daga cikinsu akwai ilmin tattalin arziki. Yara da yawa suna ɗaukarsa bisa zaton cewa koyon saye da sayarwa ne, ko kuwa don su guje wa lissafi. Duka biyun kuskure ne, kuma sau da yawa ba a gane haka sai lokacin neman shiga jami'a.

Abin da Darasin Ya Ƙunsa

Tushen wannan ilmi shi ne cewa bukatun ɗan Adam sun fi abin da ke hannunsa yawa, saboda haka dole ya yi zaɓi. Manomin da ke da gona ɗaya, in ya shuka gyaɗa, ya haƙura da geron da gonar za ta ba shi. Wannan geron da ya sarayar shi ne ainihin tsadar gyaɗarsa. Haka gwamnati take: kuɗin da ta sa a hanya ba za ta sake sa shi a asibiti ba.

Daga nan ɗalibi zai koyi yadda farashi ke tashi da sauka. Tumatir yakan yi araha da rani sa'ad da amfanin lambu ya cika kasuwa, ya yi tsada da damina sa'ad da ya yi ƙaranci, alhali masu bukatarsa ba su ragu ba. Za a kuma koya masa aikin bankuna, da haraji, da kasafin kuɗi, da ciniki tsakanin ƙasashe, da dalilan hauhawar farashi.

Amfaninsa ga Ɗan Ƙasa

Tarihin ƙasarmu cike yake da al'amuran da ba a fahimtarsu sosai sai da wannan ilmi. An sami man fetur a Oloibiri a 1956, daga baya ya danne gyaɗa da koko da auduga wajen samar wa ƙasa kuɗin waje. Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki a 1959. A 1973 naira ta maye gurbin fam, aka canza kowane fam ɗaya a kan naira 2. A 1986 aka shiga shirin gyaran tattalin arziki wanda ya karya darajar naira, a 2023 kuma aka janye tallafin man fetur. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya taɓa tukunyar kowane gida. Wanda ya yi wannan karatu yakan iya auna irin waɗannan matakai da hankalinsa, ba da jita-jita ba.

Gargaɗi Game da Lissafi

Lalle ne iyaye su lura da wannan. Darasin yana da jadawali, da zane-zanen farashi, da ƙididdiga. Wanda ke son ci gaba da shi a jami'a sai ya ci darussa biyar da kyakkyawan sakamako, ciki har da Turanci da lissafi, kuma lissafi yana cikin abin da zai rubuta a jarrabawar JAMB. Yaron da ya yi sakaci da lissafi ya rufe wa kansa wannan ƙofa, kome ƙoƙarinsa a sauran darussa.

Saboda haka ana roƙon iyaye su gana da malaman makaranta kafin yaro ya yi zaɓi. Ɗalibi kuwa ya riƙa lura da farashin kaya a kasuwar garinsu, yana gwada shi da abin da aka koya masa a aji, ya kuma ba lissafi haƙƙinsa tun daga shekarar farko.