Kafin a taɓa ogan, a lissafa wutarsa

A Ingila, Faransa da Jamus akwai masu sha'awar ogan, babban abin kiɗan coci mai bututu, da ke harhaɗa nasu cikin ɗaki. Babu bututu ko ɗaya: kwamfuta ce ke fito da muryoyin da aka naɗo daga ogan na gaske, da manhaja irin Hauptwerk wadda Martin Dyde ya fitar a 2002.

To amma inda gizo ke saƙar shi ne wuta. Allunan da ake dannawa ba su da ci, kafar USB 2.0 mai volt 5 da rabin amfiya takan ishi kowane. Masu haɗamar su ne ƴan maganaɗisun da ke tura maɓallan sauya murya. Mu ɗauka kowane na jan rabin amfiya a volt 12. In 40 suka motsa tare, amfiya 20 ke nan, wato wat 240 cikin ƙiftawar ido. Ƙaramin taransifoma sai ya durƙushe, siririyar waya ta ɗau zafi, gobara na iya biyo baya.

Don haka magina kan rubuta cin kowace na'ura, har amfilifaya da lasifika, su tara, su bar rara. Maganaɗisu da taransifomarsu daban, kowane layi da fis nasa, wayoyin volt 230 kuma nesa da na sauti.

Mu ma'aikatan rediyo mun san ɗaukewar wuta. In ta ɗauke, sai kwamfuta ta sake loda muryoyin tun daga farko, shi ya sa batirin ajiya ya zama dole. Rigakafi dai ya fi magani.