Gayya da Aikin Manhaja: Dalilin da Yawan Hannu Ba Ya Kawo Sauri

A Kwangwalam, kan iyakar ƙasar Daura da Jamhuriyar Nijar, motar kaya ba ta wucewa sai an daidaita takardun kwastan, kuma a zamanin nan yawancin wannan lissafi a kwamfuta ake yin sa. Manhajar ASYCUDA, wadda hukumar UNCTAD ta fara tsarawa a 1981 bisa roƙon ƙungiyar ECOWAS, misali ce ta irin wannan aiki. Idan manhaja ta makara, ɗan kasuwa ne ke kwana a bakin iyaka.

Al'adar Bahaushe ita ce, in aiki ya yi nauyi sai a kira gayya. Wannan dabara tana ci a gona, domin kunya-kunya ake raba noma, kowa ya kama tasa ba tare da ya tambayi maƙwabcinsa kome ba. Aikin manhaja kuwa ba haka yake ba. Frederick Brooks, wanda ya shugabanci aikin OS/360 a kamfanin IBM, ya nuna a littafinsa na 1975 cewa ƙara ma'aikata a aikin da ya riga ya makara ƙara masa jinkiri yake yi. Dalili kuwa shi ne, sabon zuwa sai an koya masa, mai koyarwar kuma shi ne gwanin da ya kamata a ce yana kan aiki. Sa'an nan ga yawan shawara: tsakanin mutum 5 hanyoyin tuntuɓa 10 ne, amma tsakanin mutum 20 sun kai 190. Lalle taron manoma yana gama noma da wuri, amma ba ya sa gero ya nuna kafin lokacinsa.

Abin da ya fi shafar ma'aikacin gwamnati mai ba da kwangila shi ne rabon lokaci. Brooks ya ware sulusi domin tsarawa, sudusi kawai domin rubuta manhajar, rabi cif kuma domin gwaji da gyara. Galibi wannan rabin ne ake yankewa in ranar buɗewa ta matso, alhali kuwa a nan kurakurai suke ɓoye. Saboda haka ya fi kyau a riƙa karɓar aikin kashi-kashi, a gwada kowane kashi a ofishi guda mai nisa da hedkwata, inda wuta da intanet kan yanke, kafin a biya kuɗin kashi na gaba.