Ƙofar Fada ta Zariya: dandalin da adonsa ke jikin bango

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan'uwa da ke zuwa Kwatano fatauci sun ga ƙaton gunkin macen mayaƙiya, wato Amazone, mai tsawon mita 30, wanda aka buɗe ran 30 ga Yuli 2022 tare da na Bio Guéra bisa dokinsa. Daga nan ne wasu ɗalibai ke tambaya: to mu fa, garuruwan Musulmi ba su da abin ƙawata dandali ke nan? Akwai, sai dai ba mutum-mutumi ba ne. Mu ɗauki Ƙofar Fada ta birnin Zariya misali.

A tsarin garin Hausa, dandali shi ne filin da ke gaban gidan sarki. Nan masallacin Juma'a yake, nan alƙali ke zama, nan kuma mahaya ke kawo jafi ranar hawan Salla. Mulki da ibada da shari'a duk suna kallon juna a fili ɗaya.

Masallacin Zariya an gina shi ne zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Maginin shi ne Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani. Ba siminti, ba ƙarfe. Tubalin ƙasa ne da azara, wato itacen giginya da aka tsaga, wanda gara ba ta cika cin sa ba. Azara gajeruwa ce, ba ta ƙetare faɗin babban zaure, sai magini ya riƙa ɗora wata bisa wata daga ginshiƙai biyu, kowace tana ɗan leƙowa gaba, ana ɗaurewa ana yaɓe ƙasa, har su haɗu a sama. Wannan shi ake kira bakan gizo, kuma a kansa rufin tuluwa ke zama. A jikin ginshiƙan ya fitar da zane tun ƙasar tana ɗanya: layuka, da'ira, kusurwoyi. Ko tsuntsu ɗaya babu. Haka ma ƙofar gidan sarkin, zane ne mai launi-launi irin su dagi, ba surar wani sarki ba.

Me ya sa? A mazhabar Malikiyya da muke bi, abin da aka haramta shi ne surar mai rai wadda take cikakkiya kuma tana da inuwa, wato gunki. Zanen itatuwa da na siffofi marasa rai halal ne. Shawarar da Ibn Abbas, Allah ya yarda da shi, ya bai wa wani mai sana'ar zane ke nan. Don haka gwanintar magina ta koma kan bango da rufi. Ni dai a ganina, tsayar da bakan gizo da ƙasa zalla ya fi zuba tagulla wuya.

Amma ginin ƙasa sai da yaɓe duk shekara. A shekarun 1970 aka lulluɓe tsohon masallacin da sabon gini na zamani, an kuma yi kwafinsa a gidan tarihi na Jos. Ran Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na rufinsa ya rufto, masallata suka rasu. Allah ya jiƙan su, ya sa sun huta.