Gigin Tsufa: Wa Zai Karɓi Mai Jinya Ta Huta?

Shekara huɗu ke nan da saura ƙiris auren wani ɗan'uwana ya mutu a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Roni, a kan naira 500. Mahaifiyarsa, wadda gwaggona ce, ta tara mutanen gida ta ce matarsa ta ɗauke mata kuɗi daga ƙarƙashin matashi. Bayan kwana biyu kuma ta shaida wa maƙwabta cewa tun jiya ba a ba ta abinci ba, alhali ga kwanon tuwon da ta cinye a gefenta, ko ɗauke shi ba a yi ba. Ɗan nata ya dawo daga cin rani ya tarar da gida a yamutse, kuma a tarbiyyarmu da wuya ɗa ya buɗe baki ya ce uwarsa ba ta faɗi gaskiya ba. Matar ta yi yaji. Daga baya aka sami kuɗin a ƙulle a bakin wani tsohon zane, a cikin tukunyar da tsohuwar ke ajiye goro. Sai da aka ƙara wata shida, bayan an gama da rubutun sha da turaren aljanu, kafin likita ya ce mana ciwo ne a ƙwaƙwalwa, kuma yana da suna.

Mu sunan da muka sani shi ne gigin tsufa, wasu su ce ruɗewa, kafofin yaɗa labarai kuwa sun fi cewa cutar mantuwa. Illar sunanmu na gargajiya ita ce yana sa a ɗauka duk wanda ya tsufa dole ya ruɗe, alhali kowa ya san tsoho mai shekara 90 da zai jero maka tarihin garinsu ba tare da tuntuɓe ba. Abin da likitoci ke kira dimenshiya lalacewar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ce a hankali, wadda ke cin tunani da magana da sanin hanya, har ta kai mutum bai san 'ya'yan cikinsa ba. Nau'in da ya fi yawa shi ne wanda likitan nan na Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana a 1906. Akwai kuma wanda hawan jini da toshewar jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke haddasawa, wanda ya kamata ya fi tayar mana da hankali, ganin yawan dattawan da ke yawo da hawan jini ba a taɓa auna su ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 55 ke fama da ciwon, sama da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin tattalin arziki. A nan kusa, wani bincike da likitoci suka yi a Zariya, aka buga a 2011, ya sami kusan mutum 3 cikin kowane tsofaffi 100 da aka gwada suna da shi.

Sai dai ni yau a kan majinyaciya nake son yin magana, domin marar lafiyar kowa na ganinsa, ita kuwa babu mai ganinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi 70 cikin 100 na sa'o'in jinyar masu wannan ciwo mata ne ke ɗaukar su. A Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa ba ma buƙatar ƙididdiga kafin mu gane haka. Da zarar an kawar da amfanin gona, magidanta da samari su kama hanyar Kano ko Abuja ko Legas, a bar tsoho da matar ɗa, ko 'yar da aurenta ya mutu, ko jika 'yar shekara 12 da aka ce ta dakata da makaranta tukuna. Ita ce za ta yi wankan, ta wanke shimfiɗar fitsari, ta amsa tambaya ɗaya sau talatin kafin azahar. Da almuru ya yi, lokacin da ruɗewar masu wannan ciwo ke ƙaruwa, tsohon zai miƙe ya ce zai tafi gida, alhali a ɗakinsa yake. Idan ta gyangyaɗa cikin dare ya zare sakata ya fita, ga rijiyoyi, ga kududdufai, ga motocin da ke gudu a titin Kano zuwa Daura. In wani abu ya same shi, ita dangi za su tuhuma da sakaci. In kuma ta kulle shi a ɗaki don tsoron hakan, a ce ta wulaƙanta tsoho. Ga zargin sata, ga zagi daga bakin da a da ba ya ko ɗaga murya, kuma ba ta da ikon ramawa ko kai ƙara. Tsohuwar da ba ta da gata kuwa, idan ta fara sambatu tana ambaton matattu, ba a rasa mai raɗa cewa mayya ce.

A Turai ƙungiyoyin sa-kai na taimakawa wajen ɗaukar wannan nauyi. A birnin Leiden na ƙasar Holan, a 1997, wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Bère Miesen ya fara wani zama na wata-wata, inda masu ciwon da masu jinyarsu ke haɗuwa su sha shayi, su saurari masani, su faɗi abin da ke damunsu. Abin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Ba gini suka fara da shi ba, kuma wannan shi ne abin lura a gare mu, domin duk lokacin da aka tayar da zancen tsofaffi a tarukanmu, wani zai miƙe ya kawo shawarar gina gidan gajiyayyu. Ni ban ga Bakazauren da zai ɗauki uwarsa ya kai irin wannan gida ya dawo ya iya haɗa ido da mutane a masallaci ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Abin da muke da shi ya ishe mu farawa. Kusan kowane gari a yankin nan yana da ƙungiyar ci-gaba ko ta taimakon kai da kai, ga 'yan agaji na ƙungiyoyin addini, ga Islamiyyun matan aure, ga kwamitocin lafiya na mazaɓu. Suna ƙoƙari wajen marayu da gyaran maƙabarta da rijiyar burtsatse, Allah ya saka musu, amma jinyar mai gigin tsufa ba ta shiga jerin ayyukansu ba, watakila domin aiki ne da ba a ɗaukar hotonsa. Manomanmu sun san gayya. Mata huɗu ko biyar daga Islamiyya ɗaya, idan suka raba kwanaki, kowace ta zauna da tsohuwa na awa uku a mako, majinyaciya za ta sami damar yin barci, ko zuwa awo, ko leƙa iyayenta. Tsoho namiji kuma samarin majalisa su karɓe shi, su yi masa aski da wanka, su raka shi masallaci su dawo da shi. Mai unguwa ya sanar da masu shago da 'yan acaɓa cewa idan an ga wane shi kaɗai, a lallaɓa shi a mayar da shi gida.

Sannan sai ilimi, wanda shi ne zai raba gardama a cikin gida. Majinyaciya tana buƙatar ta san cewa musu da mai wannan ciwo ƙara harzuƙa shi yake yi. Idan ya ce an sace masa kuɗi, a taya shi nema. Dangi kuma su san cewa ruɗewar da ta zo farat ɗaya cikin kwana biyu ko uku sau da yawa wani ciwon ne daban, kamar ciwon mafitsara ko zazzaɓi ko illar wani magani, kuma tana warkewa idan an gaggauta zuwa asibiti. Haka ciwon damuwa da raunin ji kan yi kama da gigin tsufa. Kazaure na da asibitin masu taɓin hankali, amma sunan da jama'a ke kiran irin wannan asibiti da shi ya isa ya hana ɗa kai mahaifinsa. Ƙungiya za ta iya gayyato ma'aikacin lafiya zuwa zauren mai gari, da na'urar awon jini a hannunsa, ya yi bayani da Hausa. Malamai ma suna da rawar takawa: Suratun Nahli da Suratul Hajji duk sun ambaci matakin tsufan da mutum ke manta abin da ya sani, kuma malaman fiƙihu sun bayyana cewa wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa takalifi. Na ga gidan da ake tsawata wa tsohuwa don ta ci abinci da rana cikin azumi, tana kuka ba ta san laifinta ba.

Batun kuɗi ba shi da yawa kamar yadda ake zato: sabulu, ledar shimfiɗa, ƙunzugun manya, maganin hawan jini, kuɗin mota zuwa asibiti. Masarautun Jigawa suna da kwamitocin zakka da waƙafi, kuma macen da ta ajiye sana'ar ƙosai ko ƙuli-ƙulinta saboda jinya ta cancanci a dube ta a wurin rabo. Jihar da a 2007 ta fara biyan naƙasassu naira 7,000 a wata ba baƙuwa ba ce ga irin wannan tallafi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba ƙungiyoyi madogara idan za su tunkari hukuma. Ranar 21 ga Satumba, wadda duniya ta keɓe wa wannan ciwo, ta isa a roƙi limamai su yi huɗuba a kansa a Juma'ar da ta fi kusa.

A gidanmu, bayan an yi biko matar ta dawo, mun zauna muka tambaye ta abin da take so a yi mata. Na zaci kuɗi za ta ambata. Ta sunkuyar da kai ta ce a bar ta ta riƙa zuwa gidansu ranar Juma'a ta wuni. 'Ya'yan gwaggon mata uku suka raba Juma'o'in a tsakaninsu, ta huɗun kuma matata ke zuwa daga Kano. A haka aka yi shekara biyu da rabi. A watanninta na ƙarshe gwaggo ta manta sunan kowa, har da ɗanta, kuma ba ta karɓar koko daga hannun kowa sai na surukar, wadda take kira Inna.