Abubuwa masu sauyawa a binciken ilimi: Darasi daga Bodinga da Shagari

Tsakanin 2014 da 2016, a ƙarƙashin shirin ilimin 'ya'ya mata na GEP3 da Asusun UNICEF ya gudanar da tallafin gwamnatin Birtaniya, an riƙa bai wa iyaye Naira 5,000 kan kowace yarinya duk bayan wata uku a wasu makarantun jihohin Sakkwato da Neja. Bodinga na cikin ƙananan hukumomin da shirin ya shafa. Tambayar da ke gaban jami'in da ke tsara kasafin kuɗi ita ce: idan 'yan mata sun ƙaru a aji, kuɗin ne ya kawo su, ko kuwa wani dalili ne daban?

Masu binciken ilimi na amsa wannan ta hanyar rarrabe abubuwan da ke sauyawa daga makaranta zuwa makaranta.

Na farko shi ne musabbabi, wato abin da ake zaton yana haifar da sauyi. A nan shi ne tallafin kuɗin. Na biyu shi ne sakamako, abin da ake aunawa, kamar adadin 'yan matan da aka yi wa rajista ko kwanakin da suka halarci darasi.

Na uku ɗan tsakani ne, wanda tasirin ke bi ta kansa. Kuɗi ba ya kai yarinya aji da kansa. Yana rage wa uwa buƙatar ɗora mata talla, kuma raguwar tallar ce ke ba ta lokacin karatu.

Na huɗu shi ne mai ƙarfafa tasiri ko raunana shi. Naira 5,000 za ta iya yin aiki inda makaranta ke bakin gari, ta kasa inda sai an yi doguwar tafiya a ƙafa.

Na biyar, ɗan kutse, shi ya fi ruɗar mai bincike. A ɗauka an kwatanta makarantar Bodinga da ta samu tallafi da wata a Shagari da ba ta samu ba. Idan an ƙirga ɗaliban Bodinga da rani, na Shagari kuwa a lokacin girbin gero, bambancin da za a gani na iya zama na aikin gona ne. Haka ma idan an tura malamai mata makaranta ɗaya a shekarar. Maganin wannan shi ne daidaitawa: a ƙirga a lokaci guda, a zaɓi makarantu masu kama da juna, a kuma san adadin ɗalibansu tun kafin a fara shirin.

Saboda haka, kafin jami'i ya sa hannu kan rahoton da ke cewa wani shiri ya yi nasara, ya dace ya nemi sanin abin da aka auna, da waɗanda aka kwatanta, da kuma lokacin da aka yi ƙidayar.