Wuta da Ruwa a Cikin Jirgi Ɗaya

Da misalin ƙarfe uku na dare, wayewar garin 2 ga Satumbar 2019, gobara ta tashi a wani jirgin shaƙatawa mai suna Conception, wanda ya ya da zango kusa da tsibirin Santa Cruz a gaɓar Kalifoniya ta Amurka. Mutum 34 da ke barci a ɗakin ƙasa, fasinjoji 33 da ma'aikaciya ɗaya, ba wanda ya fita. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta ƙasar ba ta yanke hukunci a kan abin da ya kunna wutar ba, amma ta lissafa wayoyin lantarkin jirgin da baturan da aka bari suna caji cikin abubuwan da ake zargi. Abin da ta tabbatar ya fi muni: babu mai gadi a farke, kuma mafita biyu na ɗakin barcin duk ɗaki guda suke ɓullawa, wanda wutar ta riga ta cinye. A 2023 kotu ta sami matuƙin jirgin, Jerry Boylan, da laifi, daga baya aka yanke masa ɗaurin shekara huɗu.

Mai karatu zai iya cewa wannan matsalar masu hannu da shuni ce. To, amma jirgin shaƙatawa gida ne sukutum da aka ɗora bisa ruwa, da ɗakin girki da makewayi da firji da fitilu, kuma ba mai kuɗin kaɗai ke kwana a ciki ba. Bambancinsa da gidan tudu shi ne kullum cikin jijjiga da laima yake, kuma idan abu ya ɓaci babu maƙwabcin da za a ruga wurinsa.

Yawancin ƙananan jirage batir mai bolt 12 suke amfani da shi, irin na mota, shi ya sa ake raina shi. Gaskiya ne ba ya jan mutum, amma idan wayoyinsa biyu suka haɗu yana iya mayar da waya jajir cikin ƙiftawar ido. Saboda haka ƙa'idar maƙera jirage a Amurka ta ce a sa fiyus dab da tushen wutar, kimanin inci bakwai. Ita ma wayar ba ta gida ba ce. Sandararriyar waya mai sili ɗaya jijjiga na karya ta, don haka ake sa mai silili da yawa, an fi son wadda aka shafe tagullarta da kuza don kada gishiri ya ci ta. Jirgin da ke shan fetur kuwa yana da wani abokin gaba: tururin fetur ya fi iska nauyi, sai ya gangara ya kwanta a gindin jirgi. Tartsatsi ɗaya ya isa. Dalilin ke nan da ake kunna fankar zuƙe iska na minti huɗu kafin a tayar da inji, kuma ba a ɗauko kayan wutar mota a ɗaura wa injin jirgi.

Sha'anin famfo ya fi ban mamaki. Don jirgi ya yi aiki, dole a huda jikinsa da gangan a ƙasan layin ruwa: kafa ta sanyaya inji, kafa ta makewayi, kafa ta zubar da ruwan wanke-wanke. Kowace kafa tana da makulli da tiyo da maɗaurin ƙarfe, kuma su kaɗai ke tsakanin mutanen ciki da teku. Kamfanonin inshora a Amurka sun daɗe suna faɗin cewa jiragen da ke nutsewa a ɗaure a mashigi sun fi waɗanda ke nutsewa a kan tafiya yawa. Ba guguwa, ba karo; tiyo ne ya tsufa ya tsage, ko ruwan sama ya yi ta taruwa.

A nan ne wuta da ruwa suke haɗa hannu. Famfon da ke kwashe ruwan da ya taru a gindin jirgi da batir yake aiki. Yoyo ƙarami zai sa ya yi ta tashi dare da rana har batirin ya mutu, daga nan ruwa ya ci karensa babu babbaka. Haka kuma idan ƙarfe iri biyu suka zauna cikin ruwan gishiri a haɗe, ɗaya yana cinye ɗaya a hankali. Maganin da masu jirgi suka samo yana burge ni: su liƙa guntun tutiya a jikin farfela da sauran ƙarafa, ta zama abin sadaukarwa, ruwa ya ci ta ya bar na tsada. In ta ƙare ba a sauya ba, sai cin ya koma kan makullan nan na ƙasan ruwa.

Akwai haɗari guda da ya shafe mu kai tsaye, tunda jiragen shaƙatawa na zirga-zirga a ruwayen Legas da tafkin Jabi a Abuja. Jirgin da aka jona da wutar gari ko janareta, idan wayarsa ta sami matsala, yana iya zubar da wuta cikin ruwan da ke kewaye da shi. A ruwan gishiri wutar kan bi ruwan ta wuce. A ruwan daɗi kuwa jikin mutum ya fi ruwan sauƙin bi, sai ta ratsa mai iyo, gaɓɓansa su sandare, ya nutse ba tare da ko tabo ba, a ce ai bai iya ruwa ba ne.

Muna da ƙwararrun masu haɗa sola da inbata da masu gyaran famfo, kuma su za a kira idan jirgi ya sami matsala. Aikin da suka saba yi da kyau a tudu, na murɗe waya a naɗe da salatif ko sa kan famfon kasuwa, shi ne ainihin abin da ruwa ba ya yafewa. Ya kamata hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, da takwararta ta Legas, LASWA, su sa duba wayoyi da tiyo da na'urar gano hayaƙi a sahu ɗaya da rigar kariya kafin a bar jirgi ya ɗauki mutane, kwalejojin fasaha kuma su buɗe wa masu sana'ar gajeren kwas a kan aikin cikin jirgi.