Zakara ko kaza? Yadda masu kiwo a gida ke gane jinsin 'yan tsaki tun suna ƙanana

Duk lokacin da Sallah ta gabato, kasuwar 'yan tsaki kan buɗe a garuruwan Arewa. Matan aure da matasa kan sayi goma ko ashirin su ajiye a bayan ɗaki, da fatan cikin mako shida zuwa takwas su yi nauyin yanka. Sai dai wasu kan wayi gari bayan wata biyu suna ciyar da kajin da suka ƙi girma, sai tsalle-tsalle da tsayin ƙafa. Abin da aka sayar musu a matsayin burola, wato kajin nama, ashe kokarel ne, zakarun kajin ƙwai, waɗanda sai sun kai wata biyar ko shida kafin su yi nama. Tsakon kokarel shi ne mafi araha a gidajen ƙyanƙyasa, don haka ribar mai ha'inci a fili take.

Tushen ruɗanin launi ne. A kajin ƙwai jajaye irin su Isa Brown, an haɗa iyayen ne ta yadda launi zai raba jinsi tun ranar ƙyanƙyasa: mace takan fito ja-ja, namiji kuma fari mai ratsin ɗorawa. Wannan farin namijin kuwa, a idon wanda bai saba ba, ba shi da maraba da tsakon burola. A baƙaƙen kajin ƙwai kuma, namiji ne ke ɗauke da farin ɗigo a tsakiyar ka, mace baƙa ce ba ɗigo.

Sikeli ya fi ido gaskiya a nan. Tsakon burola kan fito da nauyin kusan giram 40, kuma idan yana samun abinci da ɗumi yadda ya kamata, yakan ninka nauyinsa kusan sau huɗu cikin kwana bakwai. Ƙafafunsa kaurara ne, ƙirjinsa na da faɗi, ya ci ya kwanta kusa da abinci. Kokarel siriri ne, ga ƙiriniya, ga saurin hawa bakin kwali. Matsalar ita ce sai an biya kuɗi an kai gida kafin wannan bambanci ya bayyana sosai. Shi ya sa waɗanda suka daɗe a harkar ke dagewa a kan sayen tsaki cikin kwalin gidan ƙyanƙyasa mai ɗauke da suna, daga dilan da za a iya koma masa. 'Yan tsakin da ake rinawa kore ko shuɗi ana yawo da su kuwa, galibinsu zakaru ne, kuma rinin ya riga ya ɓoye alamar da mai saye zai duba.

Akwai kuma kajin da aka samar don nama da ƙwai a lokaci guda, waɗanda suka karɓu a gidaje saboda suna iya kiwo a tsakar gida. Noiler ta fito daga gonar Amo da ke Awe a jihar Oyo, FUNAAB Alpha kuma daga Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Abeokuta. Noiler kan zo da launi barkatai, baƙi da ja da wake-wake a kwali ɗaya, don haka launi ba ya faɗin komai game da jinsinta. Ita kuwa ShikaBrown, wadda cibiyar NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta samar, kazar ƙwai ce da aka tsara don ta jure zafin ƙasar nan.

Ga Noiler da kajin Hausa, haƙuri ne mafita. Daga mako huɗu zuwa shida zankon namiji kan fara girma ya yi ja, leɓen da ke ƙarƙashin bakinsa ya sauko, yayin da na mace ke zama ƙarami, kodadde. A gwada tsaki da sa'anninsa na iri ɗaya, domin zankon wani irin ya fi na wani saurin fitowa. Wajen wata uku, gashin wuya da na gindin wutsiyar zakara kan fito dogo mai tsini da sheƙi, na sagara kuma mai zagayayyen baki. Daga nan sai cara ta raba gardama. Wasu siffofin kajin gida, kamar gajerun ƙafafun durgu ko wuyan da babu gashi, suna bayyana tun da wuri, amma gado suke nunawa, ba jinsi ba.

Hanyar duba fiffike, inda jerin gashi biyu masu tsawo daban-daban ke nuna mace, tana aiki ne a kwanaki ukun farko kawai, kuma a irin da aka haɗa musamman don haka. Duba ta dubura, wadda aka ɓullo da ita a Japan a shekarun 1920, aikin ƙwararru ne da suka sha horo. Wanda bai iya ba yana iya kashe tsakon da matsa.

Maganar cewa dogon ƙwai zakara yake bayarwa, ko a riƙe tsako ta ƙafa a ga ko zai ɗago kai, ba ta wuce canke ba. Mai yin ta zai dace kusan rabin lokaci, kamar wanda bai duba komai ba. Wanda ya sayi tsaki don ƙwai kuma ya dogara da irin wannan, zai iya ciyar da su har mako 18 zuwa 20, lokacin da ya kamata su fara saka, kafin ya tabbatar rabin abincin zakaru ne suka cinye.